Sallamar Malam Auwalu

Shagon Murtala a Gyadi-Gyadi a jikin gidan Malam Auwalu yake, bango ɗaya ya raba su. Gidan gem ne. Talabijin a jere, benci a gaban kowace, samari su zauna su yi ta dannar abin hannun nan da suke kira fad har idonsu ya yi ja. Shi Murtala bai taɓa bugawa ba. Mutum ne da ya ja tirela shekara da shekaru tsakanin Kano da Fatakwal, ya sayar da kaset, ya buɗe gidan kallon ƙwallo ya rufe, ya kuma daɗe da gane cewa ba sai kana son abu kake sayar da shi ba. Aikinsa ya zauna a waje kusa da janareta, ya raba faɗa, in an kira salla ya kori kowa.

Da damina Malam Auwalu ya rasu, ciwo na 'yan kwanaki. A ɗakin gwajin jini na asibitin koyarwa yake aiki. Ya bar matarsa Hajara, ita kuma nas ce a can, da 'yarsu ɗaya Nusaiba da ba ta daɗe da shiga firamare ba. Hajara ta shiga takaba, ba ta fita, ba ta ko leƙa zaure.

Ana nan sai ga Ƙasimu. Ɗan Tarauni ne, siriri mai tabarau, yana karatun kwamfuta a jami'a. Shi da ire-irensa ba su tsaya ga buga gem ɗin Turawa ba, nasu suke haɗawa, ba kamfani ba ofis, kowa a ɗakin gidan ubansa. Ya roƙi Murtala ya ware masa talabijin ta can ƙurya, ya zuba mata gem ɗin da ba su fito ba tukuna, guntu-guntu, wai demo, don mutane su ɗanɗana su faɗi inda ya yi da inda bai yi ba. Akwai na wasu yaran Legas, akwai na wata yarinya a Jos, akwai nasa. Murtala ya ga abin zai ƙara jawo masa mutane, ya ce to. Ƙasimu ya kawo wata baƙar sifika mai nauyi ya ɗora a kan kanta a jikin bangon baya, daidai inda aka taɓa toshe wata tsohuwar taga da falanki.

Wata Laraba da yamma Alhaji Ɗanliti ya fito daga gidan marigayin ya zauna a bencin Murtala. Shi ne yayan Malam Auwalu, a Hotoro yake zaune, tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa. Mutum ne da in ya yanke magana ba ya son a sake tayar da ita. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Malam Murtala, kai maƙwabci ne, gara ka ji daga bakina. Matar nan ta taɓu."

"Subhanallahi. Maman Nusaiba?"

"Ita. Sallama take amsawa, ba kowa a ƙofa. Tana zaune a ɗaki sai a ji ta ce wa alaikumus salam. Jim kaɗan ta sake. Wai Auwalu ne yake sallama, muryarsa ce, har gyaran muryarsa. Jiya yarinyar ta tura ta je ta buɗe wa babanta ƙofa."

"Wani bai ji abin da take ji ba?"

"Ƙanwata ta shiga ɗakin ta kasa kunne, tsit. An yi tofi, an yi hayaƙi, an kawo mai ruƙiyya. Kullum bayan la'asar abin yake tasar mata." Ya mayar da hularsa. "Gobe in an sallame la'asar zan zo da mota in ɗauki Nusaiba. Ba zan bar 'yar ɗan'uwana a hannun mai taɓin hankali ba. In uwar ta warke a gani."

Murtala ya san irin wannan a gani ɗin. Ya ga yaran da aka ɗauka kafin uwarsu ta warke, wasu sai ranar aurensu uwar ta sake ganinsu, daga bayan taro. Ya kuma san Hajara. Matar da ta taɓa ɗinke masa tafin hannu a bakin zauren nan lokacin da fankar janareta ta tsaga shi, hannunta ko rawa bai yi ba, tana yi tana yi masa faɗa. Amma mutuwar miji ba ƙaramin abu ba ce, kuma shi ba likita ba ne. Ya raka Alhaji Ɗanliti bakin mota ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Washegari bayan azahar shagon ba kowa, yara suna makaranta. Ƙasimu ya zo da jakarsa ya tarar da Murtala yana share ƙarƙashin benci.

"Baba, yau dai sai kun gwada."

"In gwada me? Kana ganin furfurata?"

"Ita nake nema ai. Duk masu gwada min yara ne, sun san komai tun kafin a faɗa musu. Ina son in ga wanda bai taɓa riƙe fad ba, in ga inda zai maƙale."

"Wato jahili kake nema ka rasa, sai ni."

"Ni ban faɗa ba, Baba."

Murtala ya jingine tsintsiya ya zauna. Zuciyarsa ba daɗi tun jiya, gara ya sami abin da zai ɗauke masa hankali. Ƙasimu ya fara sa masa na yaran Legas, tseren adaidaita sahu a cikin cunkoso. Murtala ya afka wa mai lemo, ya hau kan gada ya faɗo, ya ce wanda ya haɗa wannan bai taɓa riƙe sitiyari ba, birki ba haka yake kamawa ba. Ƙasimu yana dariya yana cewa zai gaya musu. Na yarinyar Jos kuma wata akuya ce take hawa duwatsu tana neman 'ya'yanta. Wannan ya ɗan burge shi, har ya kai ta tsauni na biyu kafin ta zame.

"Saura nawa," in ji Ƙasimu. "Na tsoro ne fa."

"Ni da na kwana a dajin Birnin Gwari da mota a lalace?"

Allon ya yi duhu, sannan a hankali wani tsakar gida ya bayyana. Gidan ƙasa irin na cikin unguwa, igiyar shanya, turmi a kife, rariya da ruwa a kwance. Rana ta yi sanyi, inuwa ta rufe rabin gidan. Ba kowa. Ƙasimu ya nuna masa yadda zai tafi gaba da yadda zai waiga. Wai kai kaɗai aka bari a gidan, kana neman makullin ƙofar baya ɗaki-ɗaki. Sifika tana fitar da ƙarar unguwa ƙasa-ƙasa, kukan kaji, injin markaɗe daga nesa, wani mai gwanjo yana wucewa. Murtala ya ji abin ya yi masa kama da gida fiye da yadda yake so.

Sai ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya. Aka ji jan takalmi a zaure, ƙafa ɗaya tana ɗan jan ƙasa. Aka tsaya. Aka yi gyaran murya sau biyu, na biyun gajere.

"Salamu alaikum, masu gida."

Fad ɗin ya zame daga hannun Murtala ya tsaya a cinyarsa. Shekara nawa yana jin wannan sallamar daga bencinsa, duk yamma in mai ita ya dawo daga aiki. Malam Auwalu yana ɗan ɗingishi tun wani haɗarin babur, kuma ko gidansa ba ya shiga sai ya tsaya a zaure ya nemi izini kamar baƙo.

"Kada ku danna komai, Baba," in ji Ƙasimu a hankali, yana murmushi. "Nan ne daɗin. In kuka amsa, ƙofa za ta buɗe ya shigo, an cinye ku ke nan. Shiru za ku yi ku ci gaba da neman makulli. Shi kuma zai yi ta yi."

"Salamu alaikum, masu gida."

Daga bayan falankin da sifika take jingine, wata murya ta mace, a dushe, kamar ta wanda ya gaji da kuka, ta ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullah."

Murmushin Ƙasimu ya tafi. Ya dubi allon, ya dubi bango.

"Wannan ba a ciki yake ba," ya ce.

"Na sani. Rage muryar."

Ƙasimu ya murɗa sifika har ta yi shiru. A allon, inuwar mutum tana tsaye a bakin zaure, ba a ganin fuskarsa.

"Ina ka samo muryar nan?"

"A nan, Baba. Bara, tun ba ku san ni ba. A bencinku na zauna na ajiye waya tana naɗar ƙarar titi, kaji da babura da komai. Da na je gida ina saurare na ji wani ya yi sallama, ta fita tsaf, na yanke ta. Ban ma ga mai yin ta ba."

"Mai gidan nan ne. Ya rasu. Bayan katakon nan ɗakin matarsa ne, takaba take yi a ciki."

Ƙasimu ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Murtala kuwa lissafin abin yake haɗawa a ransa. Bayan la'asar ne yara suke cika shagon. Shi yana waje, janareta a kunnensa. Yaran ba su san Malam Auwalu ba, su dai gasa suke wa zai fi daɗewa bai amsa ba. Ita kuma tana zaune a ɗaki ɗaya tilo da sautin yake shiga, ba halin ta fito ta zagayo ta ga mene ne. Kafin ta kira wani ya zo ya saurara, an cinye yaron, an koma tseren adaidaita.

"Kai yanzu," in ji Murtala, "duk duniya ka rasa abin da za ka haɗa sai wasan da ake cin nasara da ƙin amsa sallama?"

"Shi ne abin tsoron, Baba. Kowa ya san ba a ƙin amsawa. Sai mutum ya ji hannunsa yana son dannawa da kansa." Ya mayar da tabarau, ya jawo kwamfutarsa. "Bari in goge. Yanzu zan cire muryar, in sa wata."

Murtala ya dafe murfin kwamfutar.

"Ba za ka goge ba. Yau bayan la'asar za a raba matar nan da 'yarta, an ce ta haukace. In ka goge, ta haukace ɗin ke nan."

"Baba, in maganar nan ta fita cewa za a yi na yi wasa da mamaci."

"To da me ka yi?"

Ƙasimu ya zauna a ƙarshen benci, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, har aka kira salla.

A sahu ɗaya Murtala ya yi la'asar da Alhaji Ɗanliti. Motar tana ajiye a ƙofar gidan, an buɗe but. Da aka sallame, dattawan layin suka zauna a tabarmar gindin darbejiya kamar kullum, shi kuma Murtala ya kama hannun Alhaji ya ce akwai abin da yake so ya gani kafin ya shiga. Yaran da suka fara taruwa a bakin shago ya ce musu yau babu, su tafi.

Alhaji Ɗanliti ya tsaya a tsakiyar shagon yana kallon wayoyi da benci kamar wanda aka shigo da shi makewayi. Ƙasimu ya gaishe shi a durƙushe, ya kunna. Tsakar gida ya bayyana. Kaji, injin markaɗe. Sai shiru, sai jan takalmi.

"Salamu alaikum, masu gida."

Leɓen Alhaji Ɗanliti ya motsa. Ya amsa kafin ya san ya amsa. Ta bayan katako Hajara ma ta amsa, kusan tare suka ƙare.

Ya daɗe a tsaye. Murtala ya ce a ransa shi ke nan, an gama. Ya yi masa bayani a taƙaice, wayar da aka ajiye a benci, da tagar da aka toshe.

"Kashe," in ji Alhaji Ɗanliti.

Ƙasimu ya kashe.

"Kun ga ke nan lafiyarta ƙalau, Alhaji. Abin da ta ce tana ji, tana ji ɗin."

"Lafiyarta ƙalau?" Alhaji ya juyo. Idonsa ya kaɗa amma muryarsa ba ta tashi ba. "Malam Murtala, ko a rediyo ta ji, mai cikakken hankali ya san wanda aka binne ba ya dawowa ya yi sallama. Ita ta tura yarinya ta buɗe masa ƙofa. Na riga na gaya wa dangi, an gyara wa yarinyar ɗaki, an yi mata maganar makaranta. Ba zan koma in ce musu wasan yara ne ya juya mu ba."

"Alhaji, ku ma fa kun amsa."

Alhaji Ɗanliti ya dube shi har Murtala ya ji da bai faɗa ba.

"Ka ji abin da zan gaya maka. Ƙanena ne kuka sa a cikin abin wasa, kuka mai da shi fatalwa, yara suna dariya. In mutanen layin nan suka ji, ni ba sai na ɗaga hannu ba. Kai ka san su. Ku goge, ku yi shiru, ni ma in yi shiru." Ya gyara babbar rigarsa ya fita. Suka ji sallamarsa a zauren gidan, suka ji ya shige.

Ƙasimu ya fara tura waya a jaka.

"Bar kwamfutar," in ji Murtala. "Kunna min shi ka kai ni daidai wurin. Sannan ka bi ta lungun masu wanki ka tafi Tarauni. Kada ka hau babur a bakin layin nan, kada kuma ka dawo sai na neme ka."

"Me za ku yi, Baba?"

"Ka ce in ban danna komai ba, zai yi ta yi?"

"Zai yi ta yi."

"To wannan na iya."

Da yaron ya fita, Murtala ya sauke sifikar daga kanta. Ta fi yadda ya zata nauyi. Ya ja ta har bakin ƙofa iyakar inda waya ta kai, ya juya fuskarta titi. Ta cikin gidan yana jin muryoyin mata, da wata ƙaramar murya tana cewa ita ba za ta ba. Ya tsaya ya dubi layin. Mai shayi yana hura wuta, tela yana kan keken ɗinki, dattawa suna gindin darbejiya da Liman a tsakiyarsu. Duk cikinsu babu wanda bai bi gawar Malam Auwalu zuwa maƙabarta ba. Ya murɗa sifikar har ƙarshe.

Jan takalmin ya cika layin. Gyaran murya.

"Salamu alaikum, masu gida."

Mutum wajen goma suka amsa a tare, kowa daga inda yake, ba tare da ya ɗago ba. Sannan keken tela ya tsaya. Mai shayi ya miƙe da mafici a hannu. A gindin darbejiya wani tsoho ya fara salati a hankali.

"Salamu alaikum, masu gida."

Wannan karon ba wanda ya amsa.

Alhaji Ɗanliti ya fito daga zaure, jaka a hannu ɗaya, Nusaiba a ɗayan. Yarinyar ta daina kuka. Tana ta waige-waige, ta dubi gabas ta dubi yamma, tana leƙa bayan mutane.

Liman ya taso da carbinsa, sauran suka biyo shi. Ya tsaya nesa kaɗan da sifikar.

"Murtala, mene ne wannan?"

"Abin da Maman Nusaiba take ji ne, Malam. Daga shagona yake fita, ta tsohuwar tagar ɗakinta. Muryar marigayi ce aka naɗa tun yana da rai, aka sa a gem. Ni ma yau na sani. Na nuna wa Alhaji ɗazu."

Liman ya juya ya dubi Alhaji Ɗanliti, ya dubi jakar, ya dubi but ɗin motar a buɗe.

"An nuna maka, Alhaji?"

Alhaji Ɗanliti ya kawar da kai gefe.

"To a mayar da yarinyar nan wurin uwarta," in ji Liman. "Mu nan mun fi goma muka amsa, a cikinmu har da ni. In ita za a ɗauke wa 'ya saboda haka, sai a fara da namu."

Alhaji ya saki hannun yarinyar. Ba ta tafi nan da nan ba, sai da wata mata ta miƙo hannu daga cikin zaure ta ja ta. Ya ajiye jakar a dokin ƙofa, ya rufe but da ƙarfi, ya shiga mota. Bai tayar ba. Ya sauke gilashi ya zauna yana kallon shagon.

Murtala ya sunkuya ya zare wayar sifika ana tsakiyar wata sallamar. Da ya ɗago, mutanen sun ƙaru. Samarin bakin titi sun shigo layin, da 'yan adaidaita biyu da suka bar mashinansu a kunne. Ba mai hayaniya. Matsowa kawai suke yi, a hankali, har Liman ya koma cikin taron ba a gabansa ba.

Wani ƙato mai rigar ƙwallo, wanda Malam Auwalu ya taɓa yi wa mahaifiyarsa hanya a asibiti, ya leƙa cikin shagon ta saman kafaɗar Murtala. Allon yana nan a kunne, inuwar tana tsaye a zaure.

"Baba Murtala, wa ya haɗa wannan abin?"

Murtala ya matsa ya tsaya a tsakiyar ƙofa, ya kama ƙarfen gefe da gefe.

"Shagona ne," ya ce. "Ni za ku tambaya."